Randar Maikano

Laraba, 20 ga Disamba, bayan azahar

Bara waccan, a tashar manyan motoci, wani direba da ake kira Lawali ya ce wai mai raba layin wayarsa ba ya ɓuya. Wai ko ka canza kod, ko ka shige ƙuryar ɗaki ka ja labule, muddin ka kunna, sunanka zai tsaya a wayar duk wanda ke bayan katanga. Na yi dariya. Lawalin nan shi ne ya taɓa rantse mana ya ga kura tana tsallaka kwalta da ƙafa biyu wajen Tsernawa. Ni dai abin da na sani, kod shi ke kiran suna. In babu kod, ina suna zai fito?

Ban san abin da ya tuno min da wannan maganar yau ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don hannun da ya shekara talatin da ɗaya yana rubuta nauyin motocin siminti ba ya iya zama haka kawai. Ɗiyata Humaira, da ke koyarwa a lakwal a Yamai, ta kawo min waya da tabilet mai faɗi saboda idona. Tabilet ba ta da sim, sai ta sha daga waya. To forfen intanet da Humaira ke sa min, kamfani ya ce na waya ɗaya ne, ba a rabawa. Sai na kai wa Rabilu mai gyaran waya a kasuwar Konni, ya taɓa wani abu a ciki, ya buɗe. Ya tambaye ni sunan da zai sa wa layin. A ƙofar gidana akwai randar ruwa da matata Tsahara ke cikawa kullum don masu wucewa. Na ce ya sa Randar Maikano.

Tun ranar mutane ke zama a dakalina suna shan layin kyauta. Har liman ya ambace ni wata Juma'a. Na sunkuyar da kai yadda ya kamata, amma na ji daɗi.

Jibi ake fara kokowar takobi, gasar ƙasa ta kwana goma. Telenmu ta mutu tun damina.

Juma'a, 22 ga Disamba, bayan la'asar

Na kunna tabilet. Ɗan kokowar jiharmu Tawa ya kama ƙafar abokin karonsa, ya ɗaga, sai hoto ya tsaya cak. Mutum biyu a daskare, ɗaya ƙafarsa a sama, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar cibiyarsu. Da hoton ya dawo har an share fili ana kiran wasu.

Na leƙa waje. Mutum tara a dakali, kowa kansa a ƙasa. Har da mai gyaran taya yana kallon wasu mata suna rawa.

Jaje ma yana nan a ƙarshen dakali, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Jaje Bafillace ne, ni Ba'are, saboda haka tun ranar da muka haɗu, shekara arba'in ke nan, yake cewa kakansa ne ya sayi kakana da ƙwaryar nono, ni kuma ina cewa ba a sayen mutum da ruwa. Wayarsa tsohuwa ce, sim ɗinta ya daɗe da mutuwa, ba a samunsa ta kira. Amma Watsaf ɗin ya tsaya da rai. Humaira ce ta haɗa masa da randata, in ya zo kusa da gidan sai wayar ta sha da kanta. Ta nan ɗansa Gidaɗo, wanda ya tsallaka iyaka da shanu tun kaka, yake aiko masa da saƙon murya. Jaje ya saurara sau uku, ya danna ya ce, “To, madalla,” ya koma ruga. Shi ke nan abin da yake ci. Ko tsuntsu ya fi shi shan ruwa.

Yau babu saƙo. Ya ce kwana tara ke nan.

“Yaro ya samu budurwa,” na ce.

“Bawana, in ya samu, kai za ka ɗauki kayan,” ya ce.

Asabar, 23 ga Disamba, da hantsi

Na je Konni. Na ce wa Tsahara maganin ido zan sayo. Na sayo kuwa, ga shi nan a kan taga.

Rabilu ya canza kod cikin ƙiftawar ido, ya rubuta min sabon a takarda na sa a hula. Na tambaye shi ko za a iya barin mutum ɗaya a cire takwas. Ya ce ai sai in ba mutum ɗayan sabon kod. Na yi tunani a mota. In na ba Jaje, za a ga wayarsa tana aiki, za a tambaya. Kwana tara ne kawai ya rage a gama kokowa.

Da zan tafi Rabilu ya ce, “Amma Baba, ka san sunan…” Sai ɗan kamasho ya buga jikin mota yana kiran Malbaza, saura mutum ɗaya. Na ɗaga masa hannu na wuce.

Lahadi, 24 ga Disamba, bayan la'asar

Akwai wani saƙo da kamfani ya aiko min tun watan jiya, da Faransanci, cewa forfen nan ba na rabawa ba ne, wanda ya raba ana iya datse masa. Na ajiye shi. Yau na fita da tabarau, na karanta wa mutanen dakali a hankali, na fassara. Na ce to, abin da ake tsoro ya zo.

Ban ce yau aka aiko ba. Ba su tambaya ba. Kowace kalma da na karanta tana nan a rubuce.

Suka yi ta zagin kamfani. Mai gyaran taya ya ce Allah ya isa. Na ce a yi haƙuri, a bar su da Allah. Suka watse ɗaya ɗaya.

Jaje ya juya wayarsa, ya duba gabanta, ya duba bayanta. Bai iya karatun boko ba, ko alif na boko bai sani ba.

“To su mutanen kamfani, ina ruwansu da ruwan randarka?”

“Haka dokarsu take.”

“Ko'ina suka rufe, ko kai kaɗai?”

“Ina jin ko'ina ne,” na ce.

Ya ce to. Na shiga gida. Hoton yau kamar ruwan rijiya. Har gumin da ke wuyansu ake gani.

Litinin, 25 ga Disamba, da magariba

Tawa ta kayar da bakwai cikin goma. Ban taɓa ganin salon kamun kwaɗo irin na yaron nan mai jan wando ba.

Talata, 26 ga Disamba, bayan isha'i kaɗan

Jaje ya zo. Na ga sandarsa ta ƙasan ƙyaure tun kafin a fara. Na rage muryar tabilet har sai da na manna kunne. Da aka tashi na fita ina miƙa kamar mai barci.

“Barcin la'asar, bawana? Tsufa ya kama ka.”

“Aikin da kakanka ya sa kakana ne yake fita a jikina.”

Ya yi dariya, amma gajera. Ya ce kwana goma sha uku. Ya ce uwar Gidaɗo ta daina cin abinci sosai. An ce akwai abin da ya faru a dajin can wajen da suke, amma kowa da irin tasa maganar, kuma babu wanda ya gani da ido.

Na ce kawo lambar yaron in kira da tawa. Na kira sau uku a gabansa. A kashe take. Na tura saƙo ta Watsaf ɗina, bai shiga ba. Na nuna masa: ka gani, matsalar daga can take, daji ne, babu rezo, layi ba ya kaiwa. Ko da randa a buɗe take, babu abin da zai zo.

Wannan gaskiya ce. In wayar yaro a kashe take, me zai zo?

Laraba, 27 ga Disamba, da asuba

Saƙon kamfani yana nan. Na sake karanta shi. Ba ni na rubuta ba.

Alhamis, 28 ga Disamba, bayan azahar

Tsahara ta shigo ta tsaya a kaina ina goge fuskar tabilet da bakin riga.

“Malam, wannan faifan naka daga ina yake sha?”

Na ce wannan dabam ne, ba za ta gane ba.

“I, ba zan gane ba.”

Ta fita. Can na ji ƙarar jan abu. Na leƙa, na ga ta tuttular da ruwan randar ƙofar gida a gindin iccen bedi, tana mirgino ta ciki.

“Lafiya?”

“Kamfani ya hana,” ta ce.

Shekara talatin da shida muna tare, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Yau ma ba ta ɗaga ba. Na ce mata ta mayar, mutane za su yi magana. Ta ce, “Ai suna yi.” Ban tambaye ta me suke cewa ba. Mata suna da dogon zance, kuma an kusa fara kokowa.

Da la'asar ta ɗebi ruwa a kwanon sha ta kai wa Jaje waje da hannunta.

Juma'a, 29 ga Disamba, bayan masallaci

Liman ya gaishe ni da hannu ɗaya. Wataƙila ɗayan yana ciwo.

Asabar, 30 ga Disamba, da yamma

Yaron mai jan wando ya faɗi. Tawa ba ta da kowa a tsaye. Da na so, yau sai in buɗe. Amma in na buɗe ranar da Tawa ta fita, har jariri zai haɗa lissafin. Gobe ƙarshe. Kwana ɗaya ne.

Jaje ya zo. Ban fita ba. Sandar ta tsaya a ƙasan ƙyaure har aka kira magariba.

Lahadi, 31 ga Disamba, da magariba

An ba da takobi. Ban riƙe sunan wanda ya ɗauka ba.

Litinin, 1 ga Janairu, bayan la'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na mayar da tsohon kod da safe, kamar yadda Rabilu ya nuna min. Na sa babbar riga. Da Jaje ya zo na fita da fara'a na ce, “Albishirinka, Bafillace. Na yi magana da manya, sun sassauta.”

Bai ce goro ba. Ya ciro wayar daga jakar fatarsa. Ba ta ma gama fitowa ba ta fara kuka. Ɗaya. Biyu. Ta ci gaba. Na ƙirga goma sha ɗaya. Ba lambar Gidaɗo ba ce, baƙuwar lamba ce.

Muryar mace ce. Ta ce sunanta Amina, tana aiki a asibiti, ta faɗi wanne. Daga ƙofar gidana zuwa can, kabu-kabu ba ya cika awa ɗaya. Ta ce wasu sun kawo wani saurayi da rauni a ƙafa, ba waya, ba takarda, ba kowa, lambar nan kaɗai ya haddace. Sun kira ba ta shiga. Ta ce likita na son yanke ƙafar daga idon sawu, amma yaron ya ƙi, ya ce ba mai taɓa shi sai babansa ya zo ya ce to.

Na biyu haka. Na uku haka. Na biyar ta ce, “Don Allah Baba, in kana ji, abin yana hawa.” Na takwas muryar Gidaɗo ce, da Fillanci, ban ji komi ba sai Baba, Baba. Na ƙarshe ta ce ba za su iya jira ba kuma.

Jaje ya miƙo min wayar.

“Duba min. Na farkon yaushe ya zo?”

Na ce tabarau na ciki. Ya ce zai jira. Na shiga na ɗauko. Na duba.

“Litinin.”

“Yau?”

“Wadda ta wuce.”

Ya karɓi wayarsa, ya sa a jaka, ya ɗaure bakin jakar da kyau. Ya ce, “Samo mini kabu-kabu.”

Na samo biyu.

Talata, 2 ga Janairu, da hantsi

Mun sami Gidaɗo. Yana da rai. Alhamdu lillahi, yana da rai, wannan shi ne farkon abin rubutawa.

Yaron da na sani dogo ne, in yana tafe bayan shanu da sanda a wuya sai ka ce bai taɓa gajiya ba. An lulluɓe shi da bargo mai shuɗi. Na dubi fuskarsa, na dubi bango, na dubi taga. Bargon na kwance a katifa daga inda bai kamata ya kwanta ba. Ba daga idon sawu aka yanke ba, sama aka hau.

Ba wanda ya tambaye shi shanu. Shi ma bai faɗa ba.

Ya gaishe ni, “Baffa Maikano, ina gajiya?” Ya tambayi lafiyar Inna Tsahara. Sa'an nan ya ce da ubansa, da Hausa don in ji, “Na san ko layi ne ya lalace. Na ce musu Baba ba ya kwana biyu bai je wajen Baffa ba.”

Jaje ya ce, “Layi ne.”

A waje na tsayar da Aminar. Na ce da an zo ranar Litinin ɗin fa? Ta dube ni, ta ga tsoho da furfura, ta ce, “Baba, wannan sanin Allah ne.” Yarinyar kirki. Na so ta faɗi wani abu dabam, kowanne ne.

Laraba, 3 ga Janairu, da azahar

Dakali ya cika. Kowa ya ce sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya saka. Mai gyaran taya ya ce, “Ashe kamfanin ma 'yan kallon kokowa ne, ana tashi suka buɗe.” Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Tsahara ta mayar da randa. Ta cika ta da ruwa.

Asabar, 6 ga Janairu, da safe

Na kai musu fura. Na kai bargo. Na kai sabulu da lemo. Jaje ya karɓi kowanne da hannu biyu ya yi godiya. Kwana biyar ke nan bai ce min bawana ba. Malam yake ce min.

Lahadi, 7 ga Janairu

Humaira ta kira ta tambayi yadda kokowa ta kasance a tabilet. Na ce idona ya hana ni.

Talata, 9 ga Janairu, bayan la'asar

Na goge saƙon kamfani. Sa'an nan na zauna ina neman yadda ake dawo da shi.

Alhamis, 11 ga Janairu, da yamma

Na koma asibiti yau da niyyar in faɗa. Tun a kan babur nake shirya maganar, na yi mata kai da gindi kamar tatsuniya, har na sami inda zan sa Shaiɗan a ciki.

Na sami Jaje a ƙarƙashin bedin da ke bayan ɗakin marasa lafiya, yana feƙe wani icce mai baki biyu da wuƙarsa. Ya auna shi a hammatarsa, ya ƙara tsawon tafi ɗaya, don yaron ya fi shi tsayi. Na zauna. Na ce, “Jaje, akwai maganar kamfanin nan.”

“Bari,” ya ce.

“Ba kamfani…”

“Na ce bari.” Ya ci gaba da feƙewa. Can ya ajiye wuƙar, ya ciro waya. “Ni ban yi lakwal ba. Amma saniya ɗari in ka haɗa, zan fid da tawa da tsagar kunnenta. Ɗiyarka ta nuna mini wajen da sunanka ke tsayawa. Dogo ne, farkonsa mai ciki da ƙafa biyu, ɗaya ta miƙe gaba. A gefe da 'yan layuka kamar maficin kaba.”

Ya nuna min wajen da ɗan yatsa, ya ci gaba.

“Ran da ka karanta muna takarda, ya ɓace. Ka shiga gida, aka buga gangar kokowa a rediyon mai shayi, ya dawo. Aka tashi, ya ɓace. Kullum haka. Ina zaune ina kallonsa.”

Na ce, cikin muryar da ban san tawa ba ce, “To don me ba ka je wajen wani ba? Garin cike yake da waya.”

Ya dube ni kamar na tambaye shi don me saniya ke da ƙaho.

“Ka ce ko'ina aka rufe. Gaban mutane ka faɗa. In na je wajen wani ya buɗe mini, mi na ce da gari ke nan? Na ce Maikano maƙaryaci ne.” Ya ɗauki wuƙar. “Na ce kwana tara ne, bari tsoho ya ga kokowarsa. Ni ma na yi lissafi, Malam. Ba kai kaɗai ba.”

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga iccen nan. Sai ya miƙo min ƙarshensa ya ce in riƙe da kyau, zai naɗa tsumma a bakin don kada ya ci wa yaron hammata. Na riƙe. Muka naɗa tare. Ya ce in bar maganar nan a gindin bedin, yaron ya san layi ne, uwarsa ta san layi ne, haka za ta zauna.

Da zan tafi na tsaya kaɗan, ko zai ce bawana. Ya ce, “Sauka lafiya, Malam.”

Maganar da na rubuta a farkon littafin nan, cewa mai raba layi ba ya ɓuya. Lawali direba ya fara faɗa min, na yi dariya. Rabilu ya fara, na bi mota. Tsahara ta faɗa da randa, na ce zancen mata ne. Wanda ya faɗa min ita ƙarshe bai san harafi ko ɗaya ba. Jaje ne, uban Gidaɗo.